Zaman 'Yan Jami'a a Littafin Chukwuemeka Ike

Jama'a, da yawa daga cikinmu ba mu taɓa sa ƙafa a cikin jami'a ba, sai dai mu wuce ta a mota, mu hangi dogayen soraye da samari suna kai da kawowa da littattafai a hammata. Amma a zamanin nan da wuya ka sami unguwar da ba ta da ɗa, ko 'ya, ko jika a can. In yaron ya zo hutu aka tambaye shi yadda zaman ya ke, sai ya ce, "Lafiya lau, Baba," ya shiga neman tuwo. To, daga ina mu ke samun labarin abin da a ke yi a wurin? Galibi daga masu ƙaga labari ne, watau marubutan littattafai da masu shirya fim. Siffar da suka nuna mana ita mu ke riƙewa, har wani uban da ita ya kan yanke shawarar ko ya bar 'yarsa ta tafi ko ya hana ta. Abin da a ke yanke irin wannan shawara a kansa kuwa ya cancanci a ɗora shi a ma'auni a ga nauyinsa.

Littafin da za mu auna yau da Turanci aka rubuta shi. Sunansa Toads for Supper, ma'anarsa da Hausa kamar a ce "Kwaɗi a Abincin Dare". An buga shi a London a 1965, kuma yana cikin littattafan farko da wani ɗan Nijeriya ya rubuta game da zaman 'yan jami'a. Na zaɓe shi ne don dalili biyu. Na ɗaya, littafi ne mai daɗi, wanda ya isa a ba da labarinsa ga wanda ba ya jin Turanci. Na biyu, aibin da ke cikinsa irinsa ne mu ke gani har yau a hannun namu marubutan na Hausa.

Mai littafin

Chukwuemeka Ike mutumin ƙasar Ibo ne. An haife shi a 1931 a garin Ndikelionwu, cikin Jihar Anambra ta yanzu. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, sa'an nan ya wuce Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Bayan ya gama bai yi nisa da makaranta ba. Ya yi magatakardan Jami'ar Nsukka, daga 1971 zuwa 1979 kuma ya riƙe magatakardan Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda yaranmu su ke kira WAEC. A ƙarshen rayuwarsa ya zama sarkin garinsu, ya rasu a 2020. Kun ga ke nan mutum ne da ya san jami'a ciki da waje: ya zauna a bencin ɗalibi, ya kuma zauna a kujerar ofishin da a ke ajiye takardun ɗalibai. Wanda ya san abu haka, in ya tsallake wani sashe nasa, ba a cewa rashin sani ne. Zaɓi ya yi, zaɓin marubuci kuwa shi ne abin da mai sharhi ya ke dubawa.

Labarin a taƙaice

Wani saurayi ne, Amadi, daga ƙauyen Ezinkwo na ƙasar Ibo. Ya sami shiga wata jami'a ta ƙage da marubucin ya kira Jami'ar Kudancin Nijeriya, ko da ya ke duk wanda ya san Ibadan ta wancan zamani zai gane kamanninta. Tun yana yaro iyaye suka yi masa baiko da wata yarinyar ƙauyensu, Nwakaego, kowa kuma ya ɗauka zance ya ƙare. Da ya je jami'a sai ya ga wata ɗaliba Bayarabiya, Aduke, ta kwanta masa a rai. Abokinsa Chima, ɗan'uwansa Ibo wanda ya fi shi gogewa da zaman wurin, ya gargaɗe shi a kan neman 'yar wata kabila, bai ji ba.

Ana cikin haka sai ya faɗa hannun wata 'yar Ikko, watau Legas, mai suna Sweetie, ta ce ya yi mata ciki. Maganar ta kai ga hukumar jami'a, aka dakatar da shi daga karatu, abin ya zame masa abin kunya har gida. Daga baya ta bayyana cikin ba nasa ba ne, amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Ubansa yana gargarar mutuwa ya sa shi ya ɗauki alkawarin auren Nwakaego. Da labari ya kai kunnen Aduke sai hankalinta ya gushe. A kan wannan baƙin ciki aka rufe littafin.

Abin da ya yi daidai

Abin yabo na farko shi ne yadda Ike ya nuna nauyin da ke bisa wuyan yaron da ya fito daga ƙauye ya shiga jami'a. Amadi ba na kansa ba ne. Dangi da mutanen gari duk suna ganin nasu ne, nasararsa tasu ce, abin kunyarsa kuma nasu ne. Wannan ba ya bukatar tafinta a wurinmu. Duk wanda ya taɓa sayar da rago ko buhun gyaɗa don ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta ya san cewa ba kuɗi kaɗai ya aika da shi ba, har da mutuncin gidan. Yaron kuma ya sani, shi ya sa in ya faɗi jarrabawa wani lokaci ya kan ɓoye har shekara ta zagayo. Ike bai mai da iyayen Amadi wawaye ba, kamar yadda waɗansu 'yan boko su kan yi in suna rubutu game da mutanen ƙauye. Ya bar su suna magana da karin maganarsu da natsuwarsu, suna da tasu hujjar, ɗansu yana da tasa. Mai karatu ya kan tausaya wa kowane ɓangare, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne ga marubuci.

Na biyu, bai ɓoye maganar kabilanci ba. An yi zaton in aka tara samarin kabilu dabam dabam a gida ɗaya, suna ci a tebur ɗaya, suna sauraron malami ɗaya, to za su fito kamar 'yan uwa ɗaya. Ike ya nuna cewa kowa da guzurin zatonsa ya ke zuwa daga gida, kuma ilmi mai zurfi ba ya wanke wannan zato a dare ɗaya. Ku tuna littafin ya fito a 1965. Shekara guda bayan nan soja suka yi juyin mulki, a 1967 kuma yaƙin basasa ya tashi. Wanda ya karanta yadda son Amadi da Aduke ya zama abin gunaguni tsakanin masu ilmi zai ga alamar hadarin tun bai haɗu ba.

Na uku, akwai raha. Ike ya iya zolayar ɗan jami'ar da ke ganin kansa ya fi kowa don ya san manyan kalmomin Turanci, kuma zolayar tasa ba ta da ɗaci. Turancinsa mai sauƙi ne, ba ya wahalar da mai karatu. Irin wannan sauƙi shi ya fi wuyar samu, kamar yadda duk wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta wasiƙa mai ma'ana ya sani.

Inda ya gaza

To, ga inda na ke da magana. Ɗalibi ya kan yi shekara uku ko huɗu a jami'a, wani fiye da haka. Mene ne ya cika waɗannan kwanaki? Tashi da sassafe, zuwa lacca, rubuta abin da malami ya faɗa, neman littafi a ɗakin karatu, gardama da abokai a kan abin da ba a gane ba, ƙwallo da la'asar, bitar karatu da dare. A nan a ke ƙera mutumin da zai dawo mana. A littafin Ike ana leƙa waɗannan abubuwa, amma leƙe ne na mai wucewa. Nauyin labarin duka yana kan mata uku. Ka gama littafin ka san wace ce Amadi ya ke so da wace ce ya ke gudu, amma in aka tambaye ka wane ilmi ne ya shiga kansa ya sāke masa tunani, ko wane malami ne ya buɗe masa ido, sai ka yi shiru. Uban da aka karanta wa wannan labari zai tashi da zaton cewa jami'a wurin neman mata ne da a ke ɗan taɓa karatu a gefe.

Matan su ma an tauye su. Nwakaego tana wakiltar gida, Sweetie tana wakiltar ruɗin birni, Aduke tana wakiltar sabon zamani, kowace an ɗora mata tutar da za ta riƙe. Aduke ce abin ya fi ciwo a kanta. A wancan zamani 'yan mata kaɗan ne ƙwarai a jami'a. Yarinyar da ta kai wannan matsayi lalle ta sha gwagwarmaya, ta ci jarrabawa bayan jarrabawa, tana da abin da ta ke nema a duniya. Amma marubucin ya fi nuna mana ita ta idon Amadi, a ƙarshe kuma ya haukata ta don saurayi ya kuɓuce mata. Ban ce hakan ba ya aukuwa ba. Abin da na ce shi ne ba a shimfiɗa mana hanyar da ta kai can ba sosai, sai ƙarshen ya zo kamar marubucin ya ga tufka ta yi yawa ya sa wuƙa ya yanke. Uban da ke shakkar tura 'yarsa karatu kuwa, an ba shi hujja a ɓagas.

Abin da aka bari a waje

Don mu ga girman abin da aka tsallake, bari mu dubi Ibadan ta gaske, wadda Ike ya zauna a cikinta. An buɗe kwalejin a 1948 da ɗalibai 104, tana ƙarƙashin Jami'ar London, sai a 1962 ta tsaya da ƙafarta. Ɗalibai suna kwana a gidajen da aka sa wa sunayen manya, kamar Mellanby, shugabanta na farko, da Tedder, da Kuti, daga baya har da gida mai sunan Sarkin Musulmi Bello. Ana dafa musu abinci, akwai ma'aikata masu share musu ɗaki. Saboda haka suna da sarari, kuma abin da waɗansunsu suka yi da wannan sarari ya zama tarihi.

Chinua Achebe ya shiga a 1948 don ya koyi aikin likita. Bayan shekara guda ya ga zuciyarsa ba ta can, ya koma karatun Turanci da tarihi da addini, har ya rasa tallafin kuɗin da a ke ba shi saboda wannan canji. A mujallar ɗalibai mai suna University Herald ya fara gwada alƙalaminsa, a 1958 kuma ya fitar da Things Fall Apart, littafin da aka fassara cikin harsuna masu yawa na duniya. A 1958 ɗin nan wani ɗalibi, J. P. Clark, ya fara wata 'yar mujallar waƙoƙi mai suna The Horn, ana gurza ta da keken ofis, a cikinta aka ga rubuce-rubucen Christopher Okigbo da na Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986. Ba don cin jarrabawa suka yi ba. Sha'awa ce ta bayan aji.

Mu ma a Arewa muna da irin wannan. A Zariya, cikin kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, waɗansu ɗalibai masu koyon zane suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Suna koyon zane irin na Turawa a aji, in an tashi sai su zauna suna tambayar junansu me ya sa ba za su ɗebo daga zanen iyayensu ba. Daga wannan hira ta abokai sabon salon zane ya fito a Nijeriya, dukansu kuma suka zama gwanaye sanannu. Tun daga shekarun 1970 kuma masu koyon wasan kwaikwayo a jami'ar suka riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewaye, suna sauraron damuwar talakawa suna mai da ita wasa a gabansu. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mun saba faɗin wannan don gargaɗi a kan mugun aboki, amma hakanan ya ke ga abokin kirki: abin da ya ke ɗauke da shi sai ya shafe ka. Wannan shi ne babban labarin jami'a, kuma Ike yana tsakiyarsa da idonsa ya gani, amma kaɗan ya kawo mana daga ciki.

Wata hujja da amsarta

Wani zai ce, "Malam, ai zaman lafiya ba ya zama labari. Wa zai sayi littafin da aka ce yaro ya tashi, ya je aji, ya dawo, ya kwanta? Dole a sa so da rikici, in ba haka ba mai karatu ya yi barci." Akwai gaskiya a ciki. Labarin da ba shi da damuwa kamar miya ce ba gishiri, kuma samari da 'yan mata in sun haɗu lalle a yi so, ba wanda ya ce a cire shi. Amma wa ya ce ranar ɗalibi ba ta da damuwa? Yaron da ya ke na ɗaya a makarantar garinsu, ya zo ya tarar da ɗari irinsa, ya ga sakamakon gwajin farko a jikin allo ya rasa inda zai sa kansa, wannan ba labari ba ne? Wanda kuɗinsa ya ƙare saura mako uku a yi hutu, abokin ɗakinsa na wata kabila da wani addini ya riƙa raba garinsa biyu ba tare da ya ce uffan ba, wannan fa? Wanda iyaye suka tura ya zama likita, shi kuwa ya ga jini ya kan ji jiri, ya rasa bakin da zai gaya musu?

Tarihi ma ya nuna cewa ƙananan abubuwan yau da kullum ba ƙanana ba ne. A 1978 gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, ɗalibai suka tashi a duk ƙasa, aka rasa rayuka a Ikko da Zariya. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati suka yi yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba, wata 8, samari da 'yan mata suna zaune a gida shekaru suna tafiya. Marubucin da ke neman abin da zai taɓa zuciya, ga shi nan a kwanon abinci da kalandar makaranta.

Namu marubutan

Jami'ar da Ike ya sani ta wuce. Jami'o'in Nijeriya yanzu sun haura 200. A da yawa daga na gwamnati ɗalibai ɗaruruwa su kan cika zaure ɗaya, na baya da ƙyar ya ke jin malami. Ɗakin kwana ya kan ɗauki fiye da waɗanda aka gina shi dominsu, kowa kuma shi ke neman abincinsa, wani ya saya, wani ya girka. In jarrabawa ta matso sai ka ga an yi ƙungiya-ƙungiya a azuzuwa da dare, wanda ya gane yana koya wa wanda bai gane ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Duk da wannan matsi ana buga ƙwallo, ana muhawara, ana wasan kwaikwayo, ƙungiyoyin Hausa suna shirya bukin al'ada, wata tana ɗinki ko kitso tana samun na sayen takarda.

Tun daga shekarun 1980 aka sami yalwar littattafan Hausa na soyayya, musamman a Kano, mata da yawa kuma suna cikin masu rubuta su. Sun yi abin a gode musu, domin sun sa dubban mutane karatu da harshensu. Fim ɗin Hausa ya biyo baya a 1990. Amma a da yawa daga cikinsu, in aka ce yarinya tana jami'a, to shiri a ke yi wani mai mota ya tsaya a gabanta. Ba ka ganin ta da littafi sai in za ta yar da shi ya tsinta mata. Ike ko ba kome ya san wurin, ya kuma bar mana ƙamshinsa. Wanda ya kwaikwayi rikicin ya bar sanin, me ya rage a hannunsa? Alhali kuwa yawancin marubutan nan na yanzu sun zauna a jami'a, ko suna da ƙanne a ciki. Kayan aikin yana ƙofar ɗakinsu.

Hukunci

Toads for Supper littafi ne da ya cancanci a karanta, da ma wani gwani zai juya shi da Hausa. Ya faɗi gaskiya game da ɗan ƙauye tsakanin gida da makaranta, ya faɗi gaskiya game da kabilanci a lokacin da faɗinta ke da amfani. Amma rabin hoto ne, kuma rabin da ya rage shi ne wanda iyaye suka fi bukata. Kada wani ya hana ɗansa ko 'yarsa ilmi don abin da ya sami Amadi da Aduke, ko don abin da ya gani a fim.

Kafin a sami marubucin da zai cika mana ɗaya rabin, kowane uba da kowace uwa suna da hanyar samun labarin da kansu. In yaro ya zo hutu, kada a tsaya ga "Lafiya lau." A zauna da shi bayan an ci abinci, a ce, "Ɗana, wane darasi ne ya fi ba ka wuya a zangon nan? Su wa ku ke kwana ɗaki ɗaya? Da wa ka ke bitar karatu? In an tashi daga aji me ka ke yi da la'asar?" Ba sai mutum ya iya Turanci zai gane amsar waɗannan ba. Wanda ya yi haka sau biyu sau uku zai san zaman ɗansa fiye da yadda kowane littafi zai sanar da shi, yaron kuma zai koma makaranta da sanin cewa a gida ana sauraronsa.